Sai Na Ga Ƙofa

Yayana mai yanka makulli ne. Tun ina 'yar sakandare nake biyowa ta shagonsa in huta kafin in ƙarasa gida, kuma har yau shagon bai ƙaru da ko taku ba. Ɗaki ne siriri tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Bango guda allo ne mai ƙusoshi, kowace ƙusa da makullan da ba a yanka ba suna reto. A kan tebur ga inji, tsoho, mai ƙarar da take shiga har cikin haƙori. Ƙasa kuwa kullum ƙyalli take da garin ƙarfe. Matarsa ta gaji da mita a kan yadda yake kwaso garin a gashin hannu har kan gado.

A layin babu mai kiransa da sunansa. Sai-Na-Ga-Ƙofa suke ce masa, masu gaggawa su ce Sai-Na-Ga. Doka guda ce ta jawo masa sunan. In ka kawo makulli a yanka maka irinsa, ya san ka, ya san gidanka, to kafin ka gama gaisuwa ya gama aiki. In bai san ka ba, sai ya juya makullin a hannu, ya dube ka, ya ce, "Sai na ga ƙofa." Ya ja shago ya rufe, ya bi ka har inda ka ce naka ne, ka buɗe a gabansa. Kuma ba buɗewar kaɗai yake kallo ba. Yana kallon yadda mutanen gidan suka amsa sallamarka, da ko ƙafarka ta san inda dokin ƙofa yake.

Ya sha zagi a kan wannan. Wani mai babbar mota ya taɓa ce masa, "Kai ɗan sanda ne ko maƙeri?" Yaya ya miƙa masa makullinsa ya ce akwai wani shago a bayan tasha. Wani mai gidan haya ya kawo makullin ɗakin ɗan hayarsa, Yaya ya ce ɗan hayar ya zo da ƙafarsa. Wani magidanci, maƙwabcinsa ma, ya lallaɓo da ɗan makullin durowar matarsa, Yaya ya ce, "Gaishe ta, ka ce mata ina nan har yamma." Ni kaina, ƙanwarsa ciki ɗaya, ranar da na fara kai masa makullin ɗakunan da na kama bayan rasuwar mijina, sai da ya tambaye ni, "Wace ƙofa?" Na ce ta kabarinka. Ya yi dariya, amma sai da ya bi ni ya gani.

Ba na rubuta wannan don in wanke shi ba. Mutum ne mai taurin kai, ga zargi kamar ciwo, kuma dokar tasa ba ta sa ya yi arziki ba. Abokan koyon aikinsa wasu sun buɗe manyan shaguna, shi yana nan yana bin mutane gida a ƙafa. Sai dai a layin nan, in aka fasa wani gida, ba a taɓa waiwayo shagonsa ba. Abin da ya tara ke nan duk rayuwarsa. Na rubuta ne saboda yanzu ana yawo da ni a dangi wai ni ce na so in hana shi ci gaba, wai baƙin ciki nake. To ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya yanke nasa.

Abu biyu ne suka zo masa lokaci guda. Na farko yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, amma na lura ya koma shafa haƙoran makulli da babban yatsa maimakon ya ɗaga shi ga haske. Na biyu kuwa surukinsa ne, mijin autarsa. Yaron ba ya rabo da wata baƙar jaka mai zif, ko gaisuwar mara lafiya da ita yake zuwa, shi ya sa nake ce masa Mai Jaka. Ya yi aiki a wani kamfanin sayar da kayan gini, aka rage ma'aikata, sai ya fara zuwa shagon surukinsa wai yana taya shi. Yana share garin ƙarfe, yana jera makullai, yana kallon hannun tsoho. Baba kaza, Baba kaza. Ladabinsa ya yi yawa. Na yi shekaru ina buga takardu a ofis, na ga masu irin wannan ladabin, kuma na ga abin da suke kawowa a sa hannu.

Ana nan aka tayar da wani dogon bene a bayan layinsu, gidajen haya hawa-hawa, ƙofofi ba iyaka. Manajan ginin ya zo da kansa, don an ce masa nan ne ake da amana. Ya ce yana so a ɗaura dukkan kubobin ginin, a riƙa kula da su, amma masu ginin ba sa ba mutum aiki sai kamfani mai rajista. Ka ji fa. Amanar mutum ta kawo shi, amma ba zai ba mutumin aiki ba.

Ranar da aka yi maganar a falon Yaya ina nan. Mai Jaka ya zuge zif, ya zaro takardu, ya ɗora a kan ɗan teburin da ake ajiye shayi.

"Baba, abu ne mai sauƙi. A yi rajista, kai darakta, ni darakta, hannun jari rabi da rabi. Kai da inji, ni da ofis-ofis da banki. Ba za ka ƙara bin kowa gida a rana ba."

Na ce, "Shi ya kawo inji da shago da suna. Kai me ka kawo? Jakar?"

Auta ta ce, "Haba Gwaggo."

"Ba da ke nake ba. Ke an riga an sa miki hannu."

Mai Jaka bai ɓata rai ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Gwaggo, gaskiyarki. Ni ƙafa na kawo da ido. Kuma kamfani ba ya mutuwa. Ko bayan ran Baba shagon yana nan."

Na dubi Yaya, ina jiran ya ce masa ya tattara takardunsa. Sai na ga yana murza yatsa a gwiwa. A nan na san an taɓa masa inda yake ciwo. Ba shi da ɗa namiji a sana'ar, 'ya'yan duk sun kama gabansu, ga ido yana tafiya. Ashe ya daɗe yana tunanin ranar da za a mayar da shagon wurin sayar da katin waya. Yaron ya san haka, ko dai ya karance shi, ko dai Auta ta faɗa masa a ɗaki.

Yaya ya ce, "Tafireta, ke da kika san takarda, za ki raka ni wurin lauya." Tafireta yake ce mini tun ina aiki, wai bakina da injin buga takardun duk sauri ɗaya.

Mai Jaka ya ce yana da wani lauya abokinsa. Na ce ya riƙe abinsa. Na kai Yaya wurin wata lauya da na sani tun tana ƙaramar ma'aikaciya a ofishinmu, mace mara zaƙin baki. Ofishinta a saman wani kantin taya yake, fanka tana kaɗa takardu, ta danne su da kofi da waya. Ta saurare mu, sannan ta ce, "Malam, bari in fara da abin da mutane ba sa ganewa. In ka yi rajista, kamfani ya zama wani mutum dabam a wurin doka. Ba kai ba ne."

"Wane ne?"

"Shi kansa. Yana da suna, yana mallakar kaya, yana iya kai ƙara, ana iya kai shi."

"Injina fa?"

"In ka sa shi a ciki, ya zama na kamfani. Kai kuma ka zama ma'aikacinsa, yana biyanka albashi."

Yaya ya juyo gare ni. "Kin ji? Zan ɗauki kaina aiki. In na makara wa zai yi mini faɗa?"

Na ce, "Surukinka."

Lauya ta danne dariya, amma ba ta ƙaryata ni ba. Ta lissafa masa amfanin, ban ce ta ɓoye ba: manyan ayyuka, banki ya ɗauke ka da daraja, shago ya wuce ran mai shi. Ta lissafa wahalar: takardun shekara-shekara, akanta, haraji ta wata hanya dabam, kuma ba ka da ikon zura hannu a durowa ka ɗauki na cefane kamar da. Sannan ta zo kan kalmar nan da ake liƙawa a wutsiyar sunan kamfanoni. Ta ce ma'anarta iyaka. Alhakinka yana da iyaka. In aiki ya ɓaci, aka yi asara, kamfani za a bi, ba za a zo a ɗauki gidanka ko gadon matarka ba, muddin ba da gangan ka yi ba.

Ta faɗi wannan tana jiran ya yi murna, don shi ne abin da ke kawo mata mutane. Yaya ya ɗaure fuska.

"Wato in makullin da ya fita daga shagona ya buɗe wa ɓarawo gidan mutane, sai in ce ba ni ba ne, wancan ne da ba a gani?"

"Ba haka kai tsaye ba, Malam, amma…"

"To bar wannan. Ga tambayata. Mutum ya kawo makulli, na ce sai na ga ƙofa. Ɗaya daraktan ya ce a yanka, ciniki ne. Maganar wa za a bi?"

Ta ce in rabi da rabi ne, ba mai rinjaye, sai dai ku yi ta ja. Na ce to in ido ya gaza, shi yana gida, wancan yana shago fa? Ta ce wanda yake gaban inji shi zai yanka. Na ce in wancan ya samo ƙarin hannun jari ta wata hanya, zai iya sallamar tsoho daga shagonsa? Ta ce ba a rana ɗaya ba, amma ta ga an yi.

Muna saukowa daga benen na ce masa, "Ka ji da kunnenka. Mutum mai inji ɗaya da hannu biyu me zai yi da kamfani? Ka zauna yadda kake. Shagonka, a'arka. Benen nan ya je ya nemi wani." Yana riƙe da ƙarfen matakala yana laluben tudu da ƙafa, ya ce a hankali, "A'ar tawa a idona take, Tafireta. Idon kuma kin ga inda ya nufa."

Abin da ake ja a kai ke nan, ba bene ba, ba banki ba. Wa zai riƙa cewa a'a a shagon nan in shi ya daina gani.

Kwanaki suka wuce bai ce komai ba. Mai Jaka ya ci gaba da shara da ladabi. Ni kuma na ci gaba da bincike, ban ɓoye ba. Na tambayi wata da ta san tsohon wurin aikinsa ko da gaske rage ma'aikata aka yi ko korarsa aka yi. Ta ce ragewa aka yi. Ban gamsu ba, don wani lokaci sunan kora ke nan in ana so a rufa asiri.

Sai wata safiya Yaya ya aiko in raka shi asibitin ido. Na biya ta shago in ɗauke shi, na tarar yana miƙa wa Mai Jaka makullin shagon. Mutumin da ko matarsa bai taɓa bar wa shago ba. Ya ce, "Ka zauna. In aiki ya zo ka yi, ka iya injin ai." Na buɗe baki, ya ja hannuna muka fita.

A asibiti layin karɓar kati ya yi tsawo. Ya ce in ba shi jakata ya riƙe in shiga layin, shi ya zauna a benci. Daga inda nake na hango wani tsoho mai hular sanyi ya zauna kusa da shi suna gaisawa. Da na dawo tsohon ya tafi. Na ce wane ne, ya ce wani direba ne, tare suka yi ƙuruciya, daga can ƙarshen gari yake. Likita ya duba, ya ce yanar ta nuna, sai an yi aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Muka kamo hanya, ina ta lallashinsa kamar wawiya.

Da muka isa shago Mai Jaka yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ba yadda muka bar ta ba.

"Baba, an kawo wani aiki ban yi ba. Wani dattijo ne, ban san shi ba. Ya ce makullin ɗakinsa ne, yana sauri. Na ce sai an ga ƙofa. Ya ce gidan da nisa, zai ninka kuɗin. Na ce ya jira ka. Ya ce in ba shi abinsa ya tafi bayan tasha, na ce makullin ba zai fita daga nan ba sai ka gani. Ya zage ni sosai, har mai takalmi ya leƙo."

"Ka riƙe wa mutum makullinsa?" in ji Yaya. "Ni ban taɓa riƙe na kowa ba. Miƙa musu nake."

"Na sani, Baba. Amma wannan yankanka ne."

Ya jawo durowa, ya ɗauko makullin, ya ajiye a kan tebur. Makulli ne kamar kowane makulli. Yaya bai ko taɓa shi ba, ya ce, "Tafireta, duba jakarki."

Na zuge aljihun da nake sa makullina. Zoben yana nan, da na durowa da na kwaɗon kicin. Na ƙofar ɗaki babu.

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce masa tsohon banza, ɓarawon jaka, a asibiti, ina tsaye a layi saboda idonka. Na ce ni mace ce mai zama ita kaɗai a ɗaki biyu, ka ɗauki makullina ka ba ƙaton da ban sani ba ya ratsa gari da shi. Da yaron nan ya yanka fa? Da direban naka ya biya ta bayan tasha ya yanka wa kansa fa? Ka yi shekaru kana bin mutane gida don kada a yi wa baƙo haka, ni ka yi mini. Mai kantin magani ya fito, mai takalmi ya ajiye guduma.

Yaya ya bari na sauke, sannan ya ce, "Da ƙofar wa zan gwada shi? Ta mutanen da suka ba ni amana? Taki ce kaɗai in ta ɓaci zan gyara, in sha zagi, gobe ki kawo mini abinci."

"Ka jira abincin."

Ya juya ga surukinsa, muryarsa ta sauya. "Ka ce yankana ne. Ta yaya ka sani?"

Mai Jaka ya ɗauki makullin, ya juya shi, ya nuna ƙarƙashin kansa, daidai inda yatsa yake rufewa in za a murɗa. "Ga tsagar nan. Duk makullin da ka yanka, in ka gama gogewa, kana juya baya ka ja masa magagari sau ɗaya a nan. Na ga wannan yana da ita, na ce to Baba ya san mai shi, kuma ba wannan dattijon ba ne, don da shi ne, da ya gaishe da shagon kamar wanda ya taɓa zuwa."

Na karɓa na sa farce. Tana nan, 'yar siririyar tsaga, in ba an nuna maka ba sai ka ce karce ne. Shekara da shekaru makullin nan yana jakata ban taɓa jin ta ba. Yaya ya zauna a kan kujerarsa. Ya ce ko matarsa ba ta san da ita ba. Ya fara yin ta ne tun yana saurayi, don in an kama makulli a hannun ɓarawo a kawo masa, ya san ko daga hannunsa ya fita. Shaidarsa ce a kan kansa. Ya daɗe yana kallon yaron da idon nan mai hazo, sannan ya ce, "Ashe kana kallo."

Shi a wurinsa magana ta ƙare a nan. A wurina kuwa nan ta fara. Mutumin da ya hango abin da ake juya baya a yi, abin da matar gida da ƙanwa ba su gani ba, wane irin kallo yake yi, kuma tun yaushe? Mai son koyon sana'a yana irin wannan kallon. Mai son gadon shago da rai ma yana yi. Kuma yaro mai wayo haka, an bar masa shago rana ɗaya tak a tarihi, sai ga baƙo da makulli da tayin ninki, ba zai ji ƙanshin tarko ba? Na tare shi a gaban surukinsa na tambaye shi, ka san gwaji ne ko ba ka sani ba?

Ya ce, "Gwaggo, in na ce ban sani ba, za ki ce ƙarya nake. In na ce na sani, za ki ce shi ya sa. Wanne kike so in ɗauka?"

Na ce, "Ka ga irin amsar da nake tsoro ke nan."

An yi rajistar. Ban iya hanawa ba, amma ban bari an yi ta yadda aka kawo ta a jaka ba. Na koma da Yaya wurin lauyata. Rabi da rabi ya tashi. Kaso mafi yawa na Yaya ne, ragowar kuma na ce a sa sunan Auta, ba na mijinta ba, shi ya zama ma'aikaci kamar kowa. Na shirya masa faɗa a kan wannan, na tanadi maganganu. Sai ya ce, "To, Gwaggo, hakan ma ya yi." Ko gardama bai yi ba. Har yau saurin yardar nan yana damuna.

Yaya kuma ya kafe sai an rubuta dokarsa a cikin takardar kafa kamfanin: ba a yanka wa baƙo makulli sai an ga ƙofa. Lauya ta ce ba ta taɓa sa irin wannan a takardar kamfani ba, amma ba abin da ya hana. Ni na gyara mata jimlar, don yadda ta fara rubutawa akwai ƙofar fita a ciki. Da aka zo maganar iyakar alhaki, Yaya ya ce kamfani ya riƙe iyakarsa, ba ruwansa. "Shi ya buga hatiminsa a takarda, ni ina jan tsagata a ƙarfe. In abu ya ɓaci a zo a same ni, ina da fuska."

Sun sami aikin benen. Manaja ya kawo zanen ginin ya ce ga yawan ƙofofin, a kawo kubobi. Yaya ya ce sai ya ga ƙofa. Da ido ɗaya a ɗaure da bandeji ya bi benen nan hawa-hawa, surukin yana riƙe da gwiwar hannunsa, yana shafa kowace ƙofa. An ɗaga sabon allo a saman shagon, da sunan da layi ya sa masa da wutsiyar nan a ƙarshe. Yanzu ƙarshen wata yana karɓar albashi, yana ƙorafin maigidansa marowaci ne. In zai tafi masallaci sai ya ce bari ya nemi izini wurin darakta, ya dubi allon makullai, ya ce an ba shi. 'Yan layin suna dariya. Akanta yana zuwa da nasa tambayoyin, Yaya yana amsa masa kamar mai amsa wa ɗan sanda. Injin da ya saya da guminsa tun kafin a haifi Auta, yanzu a takarda na wani ne da ba ya sallama. Wannan bai dame shi ba kamar yadda ya dame ni.

Ni dai na ce sai an sauya mini kuba, tunda makullina ya kwana, ko ya wuni, a hannun direban da ban sani ba. Yaya ya zo da kansa ya ɗaura sabuwa, da lalube, yana ƙin a taimaka masa. Da ya gama ya miƙo mini makulli, sannan ya zaro rasit mai hatimi. Na ce ni za ka ba rasit? Ya ce ba shi ba ne, kamfani ne, shi ɗan aike ne kawai. Na biya, don kada a ce.

Bayan ya tafi na zauna a bakin gado na sa farce a ƙarƙashin kan makullin. Tsaga biyu na ji, ɗaya kusa da ɗaya. Na kira shi a waya na ce mene ne wannan. Ya ce hannunsa yana ɗaura kuba har yanzu, amma haƙoran makulli sun fi ƙarfin idonsa sai an gama aikin ɗayan. Yaron ne yake yanka. Shi Yaya ne ya ce masa ya riƙa jan biyu, don a san na wane ne, kowa ya ɗauki alhakinsa.

"To ai ka ga ƙofar," na ce, "shi ma yanzu ya ga makullinta."

"Ya gani. Kuma ya sa hannunsa a inda za ki kama shi. Me kike so kuma, Tafireta?"

Na ajiye wayar. Wataƙila yaron na kirki ne. Auta ta ce in ya dawo gida har cikin gado yake kwaso garin ƙarfe, ita ma ta fara mitar uwarta. Wataƙila nan gaba a ce tsohuwar nan ta zalunce shi da zargi, kuma in haka ta tabbata zan ji daɗi fiye da kowa. Amma ni na san takarda tana sauyawa, hannun jari yana sauya hannu, mata kuma tana sa hannu a abin da mijinta ya miƙo mata da murmushi. Ina nan ina kallo, kuma na faɗa wa lauya duk ranar da aka zo taɓa kason Auta ta kira ni kafin ta ɗauki biro.

Washegari na kira kafinta ya buga mini sakata ta ƙarfe daga ciki, mai kauri, sama da ƙasa. Ya tambaye ni ko kubar ba ta da kyau ne, ga ta sabuwa. Na ce kubar lafiyarta lau, kamfani ne ya ɗaura. Sakata dai ba ta da makulli, ba wanda zai yanka irinta.